Yadda Muka Cika Alkawarin Filin da Baba Ya Yi wa Ikilisiya

Tun da muka gama wannan hidima mutane ke tare ni bayan an tashi sujada, suna tambaya ta ina ake farawa idan mahaifi ya yi wa ikilisiya alkawarin fili, ya rasu bai bar takarda ba. Ashe ba mu kaɗai ba ne. A ƙauyukanmu na kudancin Kaduna majami'u da yawa suna zaune ne a kan filin da wani dattijo ya nuna da sanda ya ce ya ba Allah, babu ko layi ɗaya a rubuce, sai jikoki sun taso rigima ta ɓarke. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda tamu ta kasance daki-daki, ko wani zai huta da yawon da muka sha.

Baba manomin citta ne, kuma dattijo a majami'ar ECWA ta garinmu. A wata sujadar godiya ta kaka, shekaru kafin rasuwarsa, ya miƙe gaban jama'a ya ce gonarsa ta bakin hanya, daga gindin ɗorawa zuwa kwari, ya ba Ubangiji domin a gina gidan fasto. Aka yi tafi, aka yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Ikilisiya ba ta da kuɗin gini a lokacin, saboda haka ya ci gaba da noma wurin yana kai wani abu daga amfanin cikin baiko. Ya rasu a farkon 2023. Kafin nan an zuba wa hanyar kwalta, filin bakin titi ya yi daraja. A ƙarshen watan Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi sama. Daminar shekarar kuma cutar nan ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Gidanmu ko irin baɗi ba mu fitar ba. Ana cikin wannan hali wani mai son gina gidan mai ya aiko da tayin kuɗin da babu ɗayanmu da ya taɓa riƙe irinsu.

Matakin farko, kuma wanda ya fi kowanne zafi, taron gida ne. Ni ne babba, ina koyarwa a Kaduna, sai na kira kowa: Mama, Baffa ƙanen Baba, Gwaggo, ƙannena maza, da ƙannena mata da ke gidan aure. Autanmu, wanda kuɗin makarantarsa ke kan gonar citta, ya faɗi abin da ke ran mutane da yawa. Ya ce, "Yaya, alkawarin Baba ne, ba namu ba. Babu takarda. Mu ba su gonar bayan gari, girmansu ɗaya, mu ce ita Baba ya nufa. Wa zai ce a'a?" Ban ga laifinsa ba, yunwa ce ke magana. Mama ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce tana zaune a layin Zumuntar Mata ranar da mijinta ya ce daga ɗorawa zuwa kwari, kuma kunnenta bai mutu ba tukuna. Baffa ne ya kawo labarin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5, miji da mata da suka sayar da fili suka ɓoye wani kashi na kuɗin suka kawo sauran kamar shi ne duka, ya kuma nuna mana abin da yawanci ake tsallakewa a wurin: Bitrus ya gaya wa Hananiya cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma suna hannunsa bayan ya sayar. Ba rowa ce ta kashe su ba, ƙarya ce. A nan tunanina ya daidaita. Muna da damar mu je gaban dattawa mu ce talauci ya kama mu, a sassauta mana, su kuma su yanke abin da suka gani. Abin da ba mu da dama shi ne mu miƙa wata gona mu ce ita ce Baba ya bayar. Da aka ajiye maganar haka, babu wanda ya yarda ya zama mai zuwa ya nemi sassaucin. Aka tsaya a kan za a ba da ta bakin titi, ni kuma na ɗauki kuɗin makarantar auta, na ci bashi a ƙungiyar adashen malamai. Har yau ana cira daga albashina. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka abin ya zo a sauƙaƙe. Hausawa da suka ce alkawari kaya ne sun san abin da suke faɗi.

Daga nan muka rubuta wa kwamitin dattawan majami'a wasiƙa, kowa ya sa hannu. Magatakarda ya tono tsofaffin littattafan taro daga cikin akwatin ƙarfe a ofishin fasto, gara ta ci gefen wasu, ya yi ta buɗawa har ya samu wurin da aka rubuta alkawarin Baba da biro shuɗi, da kwanan wata, da ambaton ɗorawar. Layi uku ne kacal, amma sun yi mana aiki a kusan kowane ofishi da muka shiga daga baya. Wanda ke cikin irin halinmu ya fara neman wannan littafi, ya yi hoton shafin, fasto da magatakarda su sa hannu da hatimi a kai. A wurin dattawan ne kuma na fara jin cewa ba a rubuta fili da sunan fasto, ko na wani dattijo, ko ma na majami'ar ƙauyen. Fasto ana yi masa canjin wurin aiki, dattijo yana mutuwa 'ya'yansa su ce gado ne. Sunan amintattun ikilisiya masu rajista da gwamnati ake sawa, domin su doka ta sani a matsayin masu riƙe dukiyarta. A ECWA magana tana tashi ne daga majami'a zuwa LCC, wato majalisar majami'un yanki, daga can zuwa DCC, wato majalisar gunduma ta ikilisiya, hedkwata kuma tana Jos. Sai da muka jira zaman DCC kafin aka ba mu wasiƙar karɓa da ainihin yadda za a rubuta sunan. Wannan matakin bai ci mana ko kwabo ba sai haƙuri.

DCC ce ta haɗa mu da wani lauya ɗan ikilisiya. Tambayarsa ta farko ta ba ni mamaki: wane irin aure Baba da Mama suka yi? Na ce auren coci mana. Ya ce ba abin da yake tambaya ke nan ba. Akwai auren al'ada da aka kai majami'a aka sa masa albarka, akwai kuma auren da aka ɗaura bisa dokar aure ta gwamnati, da takardar rajista. Idan na biyun ne kuma mutum bai bar wasiyya ba, sai an je sashen gado na Babbar Kotun jiha an nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, a buga sanarwa, a jira ko wani zai fito da ƙorafi, a biya kaso bisa ƙimar dukiyar. Wannan hanya ce mai tsawo. Mama ta ciro takardarta daga cikin Littafi Mai Tsarki na Baba, lauya ya duba ya ce ta albarkar majami'a ce kawai, saboda haka al'ada ce ke hukunci a kan gadon. A ƙarƙashin al'ada, in ji shi, filin gida ba ya fita sai shugaban gida da manyan 'yan gidan sun yarda tare. Shugaba ya bayar shi kaɗai, sauran suna iya zuwa kotu su rushe. Sauran su bayar ba da shi ba, kamar ba a yi ba ne. Ya ce a sa har 'yan'uwana mata, ko da al'adarmu ba ta ba su gona, domin kotuna yanzu ba sa yarda a ture mace daga gadon ubanta, kuma sa hannunsu yau ya fi shari'a da 'ya'yansu gobe.

Takardar shaidar mutuwa ita ce ta gaba. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, tana da tebur a sakatariyar ƙaramar hukuma. Da yake a gida Baba ya cika ba a asibiti ba, sai da muka kawo wasiƙar dagaci da ta fasto. Wannan bai ba mu wahala ba.

Wurin dagaci muka je da goro da ɗan abin gaisuwa kamar yadda aka saba. Baffa ya yi bayani, dagaci ya ce ya san maganar, amma ba zai sa hannu daga zaure ba, sai an taka filin da maƙwabta. Aka sa rana da sassafe. Mai unguwa, wakilin dagaci, dattawa biyu na majami'a da masu gonakin da ke kewaye duka suka fito, muka bi iyaka da ƙafa, ana nuna shingen bini-da-zugu da tsofaffin kunyoyi, ana kafa turaku. Da muka iso gindin ɗorawa Gwaggo ta tsaya ta dafa itacen, ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa ɗan'uwana ya bayar. Wannan ɗorawa tun ina budurwa nake tsinkarta, da kalwarta nake daddawa." Wasu suka yi dariya, amma wakilin dagaci ya ce gaskiyarta, a al'ada mai ƙasa daban, mai itace daban. Dattawan majami'a suka yarda nan take, aka ce a rubuta cewa ɗorawar tata ce muddin tana raye, ba za a sare ba. Da ba a taka filin ba, da wannan magana ba ta fito ba sai ranar da magina suka zo da gatari, kuma da cikar alkawarin Baba ta zama cin amanar 'yar'uwarsa. Dagaci ya ba da takarda mai hatimi, maƙwabta suka sa hannu, waɗanda ba su iya rubutu ba suka dangwala yatsa.

Sai kotu, domin takardar rantsuwa cewa mu ne magada kuma mun amince. A harabar kotun akwai masu buga takardu a ƙarƙashin bishiyoyi, kowa da teburinsa da kwamfuta. Wanda na zauna wurinsa ya saurari labarin, ya kalle ni kamar mai tausayi, ya rage murya ya ce, "Malam, me ya kai ka wannan doguwar hanya? In buga maka takardar kyauta da kwanan watan shekarun baya, wani ya dangwala yatsa a ce na tsohon ne. Ai da ma ya bayar, ba ƙarya ka yi ba. Kuma aikin Allah ne." Na jima ina juya maganar, domin tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ne. Baba ya bayar ɗin. Amma bai dangwala yatsa a kan kowace takarda ba, kuma takardar za ta ce ya yi. Gidan da za a gina a wurin, fasto ne zai kwana a ciki ya tashi ya hau bagade ya yi wa'azi a kan Matiyu 5:37, inda Yesu ya ce i ɗinmu ya zama i, a'a kuma a'a. Ban da haka, ƙirƙirar takarda laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, kuma duk ranar da wani jika ya gano, kyautar gaba ɗaya ta shiga ruwa. Na ce ya buga abin da ya faru yadda ya faru: Baba ya yi alkawari da baki a gaban jama'a, ya rasu, mu magadansa muna cikawa yau. Ya buga yana girgiza kai. Aka biya kuɗi a wurin mai karɓa aka ba mu rasit, duka da na bugawa bai kai naira 5,000 ba a lokacin. Gaban kwamishinan rantsuwa aka miƙo Littafi Mai Tsarki, na ɗora hannu. Baffa ya ƙi, ya ce shi tun da aka yi masa baftisma bai taɓa rantsuwa ba, Yakubu 5:12 ta hana shi. Na zaci za a kore mu, sai jami'in ya ce babu damuwa, Dokar Rantsuwa ta 1963 ta yarda mutum ya tabbatar da maganarsa da baki ba tare da ya rantse ba, nauyinsu ɗaya a gaban shari'a. Masu irin ra'ayin Baffa su san da wannan.

Safiyo, wato mai awon fili, shi ne ya fi cin kuɗi, ya fi duk sauran matakan a haɗe. Gida da majami'a muka raba biyu, Zumuntar Mata ta kawo nata daga kuɗin noman haɗin gwiwa. A nan a yi hattara, ba duk mai ɗauke da na'urar awo ne safiyo ba. Sai wanda ke da rajista da hukumar safiyoyi ta ƙasa, SURCON, wanda zai buga hatiminsa a kan taswira ya kuma kai kwafi ofishin babban safiyon jiha. Taswirar da ba ta da wannan, takardar tsire ce. Mun jira har aka kawar da amfanin gona ciyawa ta bushe, sannan ya zo da yaransa suka kafa bikon na siminti mai lamba a kowace kusurwa, a daidai inda aka sa turaku ranar dagaci. Na sake kiran maƙwabta su tsaya a kai, kada gobe a ce an matsa da dare. Filin ya ɗara rabin hekta kaɗan.

Da taswira ta fito lauya ya rubuta takardar kyauta, ya ambaci shafin littafin taro, da takardar dagaci, da maganar ɗorawar Gwaggo. Da yake Mama da Gwaggo ba sa karanta Turanci, ya sa wani wanda ba ɗan gidanmu ba ya fassara musu layi-layi, aka rubuta a ƙasa cewa an karanta musu sun gane kafin su dangwala yatsa, mai fassarar ya sa hannu. Doka ce ta nemi haka domin kare wanda bai yi boko ba, kuma rashinsa kan ɓata takarda. A nan muka sake tsayawa, domin ƙanena ɗaya yana aiki a Fatakwal. Ya bugo waya ya ce, "Yaya, sa mini hannu kawai, ai ka san yadda nake yi." Na ce ba zan yi ba. Ya ji haushi, ya ce ina wahalar da kowa a kan abin da ya riga ya yarda. Ni kuwa na ga da wanda ya dangwala yatsan mamaci da wanda ya kwaikwayi sa hannun rayayye, sana'arsu ɗaya. Muka jira ya zo hutun Kirsimeti ya sa da kansa. Bayan nan lauya ya kai aka biya harajin hatimi.

Mataki na ƙarshe a wajenmu shi ne ofishin filaye na ƙaramar hukuma. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani. Filin birni gwamna ke ba da izini a kansa, na karkara kuwa, irin wanda aka gada bisa al'ada, sai da amincewar ƙaramar hukuma yake sauya hannu. Muka cika fom, muka haɗa kwafin komai, aka buɗe fayil, muka biya kuɗin da aka rubuta a banki. Sai wani ma'aikaci ya ce akwai kuɗin mai na zuwa duba fili, da na "tura fayil". Na tambaya ko za a ba ni rasit, ya yi murmushi ya ce in dawo wani mako. Na dawo, aka ce oga ya yi tafiya. Haka muka yi ta yi har na fara tambayar kaina ko taurin kai nake yi da sunan bangaskiya, domin kuɗin motar da na kashe daga Kaduna ya riga ya wuce abin da ya nema. Wani dattijon majami'a, tsohon ma'aikacin gwamnati, shi ya raba mini gardama. Ya ce kai jami'i wurin aiki ba laifi ba ne idan ofis ba shi da abin hawa, a fili ake yi kowa na gani. Kuɗin da ake miƙawa a ɓoye don takarda ta motsa, shi ne abin gudu. Ya raka ni da wasiƙar DCC muka ga shugaban sashen, muka ce mun tanadi babur duk ranar da suka shirya. A makon aka zo aka duba, ba da jimawa ba takardar amincewa ta fito. Ban ce kowa zai samu irin wannan sa'a ba. Wani fayil ɗin zai fi namu daɗewa.

Ranar Lahadin da aka miƙa takardun, Mama ce ta ɗauke su a cikin ambulan ta kai gaba ta ba fasto, wakilin DCC yana tsaye. Fasto ya karanta Zabura 15, wadda ke kwatanta mutumin da zai zauna a wurin Allah da cewa yana cika abin da ya ɗauka ko da zai cuce shi. Auta na gefena, bai ce komai ba, amma ranar da aka fara haƙa harsashi shi ya fara zuwa da shebur.

Ga wanda zai bi wannan hanya, jerin da ya fi sauƙi shi ne gida, majami'a, lauya, sannan dagaci da sauran, domin amsar tambayar nan ta irin aure ita ke nuna ko za ka bi ta kotun gado ko ba za ka bi ba. A yi kwafin kowace takarda kafin a miƙa ta, a riƙe kowane rasit. A kuma sa rai cewa jarabar ba za ta zo da fuskar mugunta ba. A wurinmu duk lokacin da ta zo, da sunan taimako ta zo, daga bakin mai ƙaunarmu ko mai son rage mana wahala, sau da yawa har da cewa ai don Allah ake yi. Iyayenmu da ke da rai kuma suna da irin wannan alkawari a kansu, a taimake su su rubuta tun suna iya riƙe biro. Mai Hadishi 5:4 ta ce kada a yi jinkirin cika wa'adin da aka yi wa Allah, kuma da Baba ya sa hannu da kansa, da rabin wannan yawo bai same mu ba. Majami'u ma su daina barin kyautar fili a kan tafi da addu'a kawai.

Abin da ya rage yanzu shi ne takardar mallaka ta gwamna, wato C of O, wadda a jihar Kaduna ta hannun KADGIS, hukumar filaye ta jiha, ake nema. Wannan aikin ikilisiya ne tunda filin ya koma sunan amintattunta, kuma kwamitin gini ya riga ya karɓi fom. Asalin takardun suna ofishin DCC, kwafi ɗaya yana majami'a, ɗaya wurin dagaci, ɗaya kuma a hannuna idan wani yana so ya ga yadda aka tsara su.